Ruwan Kwalbar Iya

Zuwa ga Malama Hajara,

Don Allah don Annabi ki taimake ni, kaina ya ɗaure tamau. Abin da ke damuna ba irin wanda zan kai wa maƙwabciya ba ne, domin maƙwabtan ma suna ciki tsundum. Ni matar aure ce a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Jatau. Karatuna bai wuce firamare ba, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Sunayen da zan ambata duk na canja su.

Maganar a kan uwar mijina ce, wadda muke kira Iya. Kada ki ɗauka ƙarar suruka na kawo, wallahi a'a. Tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan gishiri, ni kuwa na yarda hannuna yana da nauyi a miya. Tana da ciwon sukari, an gano shi tun shekarar da aka canja kuɗi, tana kuma shan ƙwayar asibiti. Bara da damina sanyi ya kama mata ƙirji har aka kwantar da ita. Zazzaɓi ya tafi, tari ya lafa, aka sallame ta, amma numfashinta bai dawo gida tare da ita ba. Malama, matar da take zuwa Gyallesu a ƙafa ta gaida ƙanwarta ta dawo kafin la'asar, ita ce daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta dafa bango tana haki. Abin da ya fi sa ta kuka shi ne salla. Fatiha sai ta yayyanka ta, in ta ɗago daga ruku'u ka ji ƙirjinta kamar zugazugin maƙeri. Daga baya ta koma salla a zaune, ta daina leƙa ko zaure, ta fara rabar da zannuwanta.

Da muka koma ganin likita sai ya tura mu wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake gasa wa mutane ƙashi ana koya musu motsa jiki. A can muka sami Sista Elisabatu, 'yar Wusasa, siririya, mai Hausa irin ta kakata. Ta ɗora tafin hannunta a haƙarƙarin Iya ta sa ta ja numfashi, ita kuma tana saurare. Sannan ta ce Iya da saman ƙirji kaɗai take numfashi, kamar mai babban gida da ya kulle ɗakuna ya tare a zaure. Wai naman da ke jan numfashi shi ma nama ne kamar na ƙafa, sukari da doguwar kwanciya suna sa shi sanyi, aiki kuma yana tashinsa. Ta koya mata ta kwanta a ɗora 'yar jakar gero a cikinta, ta riƙa ɗaga ta da numfashi. Ta koya mata ta riƙe muciya da hannu biyu, ta ɗaga sama tana shaƙar iska ta hanci. Ta ce ta riƙa zagaya tsakar gida bayan cin abinci. Daga ƙarshe ta ba mu kwalba da 'yar roba mai rami, ta ce a zuba ruwa rabi, Iya ta riƙa hurawa a hankali, ruwan yana ɓulɓula, iyakar tsawon numfashinta.

To, tun ba mu wuce Ƙofar Doka ba Iya ta fara faɗa a cikin tasi. Wai da furfurarta, ta aurar da jikoki, a ce ta zauna tana wasan da take korar yara a kansa? Ba a jima ba akuya ta tauna robar, kuma har yau ina zargin miƙa mata aka yi. Na yanko sandan ganyen gwanda, tunda shi ma yana da rami, ashe na ƙara ɓata lamarin, domin da shi yaran unguwa suke busa. Sai da mijina Mamman ya ajiye rigar da yake yi wa aiki a zaure, ya shigo ya durƙusa yana roƙonta, sannan ta yarda. Ta riƙa yi a bayan ɗakinta, lulluɓe da mayafi. Kafin kowace hurawa sai ta yi bisimilla ta yi salati, wai ko Allah ya rufa mata asiri kada wani ya gan ta.

Malama, a nan ne na ga abin da har yanzu in na tuna tsigar jikina take tashi. Da farko ruwan yana yin ɓul ɓul sau biyu sai ya tsaya, ta hau tari. Na cire rai, gaskiya. Amma a kwana a tashi ɓulɓulin ya riƙa tsawo. Wata rana da hantsi ina tankaɗe na ji ƙarar tana ta tafiya ba ta yanke ba, na zabura na nufi murhu a zatona tukunya ce ta tafaso, ashe Iya ce a bayan ɗaki. Sai wata magariba, ina kwasar tuwo, na ɗaga kai na gan ta a tsaye a kan buzu. A tsaye! Na kasa kunne na ji Fatiha tana fita, kowace aya da numfashi guda, har ta kai ƙarshe ba ta dafa komai ba. Na ajiye mara na zauna a ƙasa ina hawaye, tuwo ya sandare a tukunya ban ma sani ba. Na sha ganin an yi wa mutum allura ya tashi, amma ban taɓa ganin wanda ya miƙe da iskar bakinsa ba. Ikon Allah! Tun daga ranar ni kaina nakan tsaya ina sauraren nawa numfashin, abin da yake shiga yana fita tun ranar da aka haife ni, ban taɓa roƙonsa ba, ban kuma taɓa gode masa ba. Da ƙaramar salla Iya ta tafi Gyallesu a ƙafa, tana hutawa a hanya, ƙanwarta ta gan ta a bakin ƙofa ta yi ta salati.

Da a nan labarin ya tsaya da godiya kawai zan rubuto. Akwai maƙwabciyarmu Gwaggo Batulu, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ita ma mai ciwon sukari ce. Katangar da ke tsakaninmu ta zube ta wani gefe, ta nan suke shiga wa juna ba sallama. Wata rana ta faɗo ta iske Iya ido a rufe, leɓe yana motsi, tana hura ruwa a kwalba. Sai ta juya ta koma gida. Washegari sai ga ta da kofi a hannu, wai a zuba mata ruwan kwalbar.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa, wai Iya ta samo wani laƙani tun tana gadon asibiti. Har bayani suke yi wa juna: wai tofin da aka saba a saman ruwa yake tsayawa, na Iya kuwa sandan gwanda yana kai shi har ƙasan kwalba, shi ya sa ya fi ƙarfi. Ki ji fa! Mata suka riƙa zuwa da kofuna da 'yan ƙorai, wannan ciwon kai, wannan haƙorin jariri, wata ma ɗanta ne zai zauna jarrabawa. Tsakani da Allah, Iya ba ta taɓa cewa magani ne ba, ba ta kuma karɓar ko goro. In an tambaye ta sai ta ce Allah ne mai warkarwa, su kuwa sai su ce ka ji masu abin, ba sa yabon kansu. Yanzu a tsakar gida take shimfiɗa tabarma ta yi hurawarta, fiye ma da yadda Sista ta ce. Ta koma sa kwalli, ta koma ƙunshi, tana dariya har da tafa hannu. Ni kaina wani lokaci nakan rikice. 'Yar Jamilatu ta ƙofar gidanmu ta sha ruwan tana zazzaɓi, kwana ya waye tana wasa a waje, da idona na gani. Bakin da ba ya ƙarya, ba ya rabuwa da salati, ai ba abin mamaki ba ne Allah ya sa masa albarka, ko kuwa?

Ga inda matsalar take. Iya irin mutanen da ne, ba ta cin abinci a gaban mutane, haka ma ƙwayarta, sai ta shiga ɗaki ta saki labule take haɗiyewa. Jakar geron da muciyar ma a ɗaki take yi. Kwalba kaɗai mutane suke gani. Saboda haka Gwaggo Batulu ta ɗauka Iya ta bar maganin asibiti ne ta warke da ruwa, ita ma ta ajiye nata. Matar ɗanta ce ta gaya mini a bakin rijiya, tana murna, wai har zuma suke zuba mata a ciki yadda ake yi wa rubutu. Ɗan nata Sabo yana Kaduna yana aiki a masaƙa, bai san abin da ake ciki ba. Malama, matar nan narkewa take yi a gabana. Zaninta ya yi mata yawa, ba ta rabuwa da moɗa saboda ƙishirwa, ta yi tuntuɓe a babban yatsa ya ƙi warkewa har ya fara wari, da ruwan kwalbar take wanke shi. Jiya tana tsakiyar magana a tabarmarmu barci ya ɗauke ta, da ƙyar muka tashe ta.

Na gaya wa mijina, ya ce maganar mata ce, tunda uwarsa ta samu kanta in bar ta ta sarara. Na gwada yi wa Iya shagube, na ce ko ya kamata mutane su san Sista ce ta ba mu kwalbar. Ban iya kawo maganar Gwaggo ba, bakina ya yi nauyi. Sai ta ce ranar da aka san wasan yara take yi, ranar za ta fasa kwalbar, gara a binne ta da mutuncinta. Yinin ranar ba ta ci ba, ba ta hura ba. Na san halinta, in ta faɗa ta gama.

To yaya zan yi? In na buɗe baki, Iya za ta ajiye kwalba ta koma dafa bango, a ce suruka ta tona mata asiri. In na yi shiru, Gwaggo Batulu tana tafiya. Ba na iya cin abinci, ki ba ni shawara don girman Allah.

Surukar Iya,
Birnin Zariya.

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, kuma ni ma na tsaya na saurari numfashina. Abin da kika gani a kan buzun nan abin mamaki ne na gaske, kin kuma yi daidai da kika yi kuka. Amma bari mu fara da mai gaggawa.

Ni ba likita ba ce, saboda haka na kai wasiƙarki wurin likita na karanta masa. Da na zo kan barcin da ya ɗauke Batulu a tsakiyar magana, sai ya tsayar da ni ya ce a kai ta asibiti yau. Ƙishirwa, rama, miki mai wari da barcin da ba na gajiya ba, a jikin mai sukari da ta bar magani tana shan zuma, alamu ne na haɗari. Tana iya rasa ƙafar, tana iya yin barcin da ba za a iya tashinta ba. Wasiƙarki ta riga ta ɗauki kwanaki a hanya. In har yanzu tana gida, ajiye jaridar nan ki nemi tasi, sauran bayanin zai jira ki. Ba ki bukatar tona asirin kowa kafin ki yi wannan, yatsan kaɗai ya isa dalili. A daina zumar nan take, kada kuma a dawo mata da tsohuwar ƙwayar da ka, a bar likita ya duba. A aika wa Sabo ta hannun direban Kaduna, uwarsa ce, dole ya sani.

Mijinki kuma ki karanta masa wannan da bakina. Malam Mamman, in aka yi rasuwa a maƙwabta, mata ne za su ɗauki makara? Kai ka durƙusa har mahaifiyarka ta karɓi kwalba, kai ne kuma za ka sake durƙusawa. Ba daidai ba ne a bar wa suruka wannan nauyi ita kaɗai.

Yanzu Iya. Ban ga mayaudariya a wasiƙarki ba. Na ga tsohuwa da ta riga ta fara sallama da duniya, aka ba ta magani mai kama da wasan yara, sai mutane suka zo suka sa wa maganin rigar mutunci, ita kuwa ta kasa cirewa. Kowa yana son a shigo gidansa don ana bukatarsa. Kada ki raina wannan, domin yana cikin abin da ya tashe ta. Sai dai shirunta ya riga ya zama magana, mata suna ji suna aiki da shi. Ke kuma shagube kika yi mata, ba ki gaya mata ba. Ita a ganinta zaɓi take yi tsakanin mutuncinta da surutun unguwa. Ba ta san zaɓin tsakanin mutuncinta ne da ran ƙawarta ba. Matar da kika siffanta mini, in ta ji Batulu ta bar magani don koyi da ita, ban yi tsammanin za ta tsaya lissafin kunya ba. A gaya mata a fili, cikin ladabi, a ɗakinta. In bakinku ya yi nauyi, ku ɗauko ƙanwarta ta Gyallesu.

Game da albarkar ruwan, na tambayi wani malami da nake girmamawa. Ya ce addu'a gaskiya ce, neman magani kuma umarni ne, wanda ya jefar da ɗaya don ya riƙe ɗaya ya yi kuskure. Kada Iya ta bar bisimillarta da salatinta. Zazzaɓin yara sau da yawa yana sauka da kansa, Allah kaɗai ya san abin da ya tashi 'yar Jamilatu, ba zan yi gardama a kai ba. Amma likita ya ce ruwan da aka hura daga ƙirjin da ya yi jinya bai kamata a ba kowa ba, balle jariri, balle a wanke miki da shi. A zubar da shi kullum, a wanke kwalbar, a riƙa sake sandan gwandan. Wadda ke son addu'ar Iya ta zo ta karɓi addu'a, ba sai da kofi ba.

Kina tsoron in aka hana ruwan matan za su watse, Iya ta ajiye kwalba. Ni ina ganin akwai hanyar da za su ƙaru. Abin da ke hannun Iya ya fi abin da suke zato, domin ruwa yana ƙarewa, abin da ta iya kuwa ana koyar da shi. Tsofaffi nawa ne a Ƙofar Jatau suke salla a zaune saboda haki? Kowacce ta zo da kwalbarta da sandanta da muciyarta, Iya ta zauna a gaba ta nuna musu, tunda ita ce ta bi hanyar ta san inda ake gajiya. Tsohuwa ɗaya a bayan ɗaki ana iya cewa wasa take yi, amma tsofaffi cike da tabarma suna yi tare, da malamarsu, ba mai cewa haka. Ki koma wurin Sista Elisabatu ki ba ta labarin duka. Ki roƙe ta ta duba kowacce kafin ta fara, domin akwai haki na ciwon zuciya, akwai na tarin fuka, waɗannan kwalba ba ta yi musu. In za ta iya shigowa birni ta gaida Iya a gaban matan, ta kira ta ɗalibarta da ta fi kowa, to an gama da maganar kunya.

Abu ɗaya zan roƙi Iya, na san kuma yana da nauyi a wurin irinta: ta fito da ƙwayarta tsakar gida, ta yi bisimilla ta haɗiye a gaban kowa. Sau ɗaya ya isa. Abin da ku duka za ku yi wata guda kuna bayani, wannan zai gama shi kafin ta ajiye moɗa.

Kin rubuto kamar mata biyu ne a hannunki, dole ki saki ɗaya. Ba haka ba ne. In Batulu ta mutu, gaskiya za ta fito ko kin yi magana ko ba ki yi ba, Iya kuma za ta san abin da ƙawarta take sha har ta tafi. Daga ranar ba Sista, ba ɗa, ba suruka da zai sake sa ta hura kwalbar nan. Shirunki ba zai tsare miki ko ɗaya ba, duka biyun zai ɗauke. Ki tashi ki yafa mayafinki.

Allah ya ba Batulu lafiya, ya ƙara wa Iya tsawon numfashi, ya saka miki da alheri a kan wannan zuciya taki.

Taki,
Hajara.